Tambayoyinku: Tsohon jirgin filafilai a hannun sabon mai shi

Wasiƙun wannan fitowa kusan bakinsu ɗaya. Mutum ya sayi jirgin ruwa mai filafilai da ya shekara arba'in ko fiye, irin na faiba, wato roba mai zaren gilashi, da aka yi ta ƙerawa a shekarun 1970 da 1980, yana ɗokin fita teku, amma bai san abin da zai fara taɓawa ba. Mun taƙaita tambayoyin, masu kama da juna kuma mun haɗe su.

Tambaya: Ni da maigidana mun sayi jirgi mai tsawon mita 9, ƙirar 1979. Masanin da ya duba mana shi ya rubuto gyare-gyare sun fi arba'in. Ni fenti da katifun ciki nake so mu fara da su, shi kuma sabbin na'urori yake hange. Wanne ne gaba?

Amsa: Malama, da ke da maigidan duk ku dakata. Fenti bai taɓa hana jirgi nutsewa ba, sabuwar na'urar taswira ma haka. Ku ɗauki takardar nan ku tsamo duk abin da zai iya shigo da ruwa, ko ya kayar da jigon filafilai, ko ya tayar da gobara. Waɗannan ne na yanzu. Sauran su jira, ko shekara biyu ne.

Ku fara da ramukan da aka huda a jikin jirgi ƙasa da layin ruwa: mashigar ruwan sanyaya inji, biyu na banɗaki, na wurin wanke-wanke, magudanan wurin tuƙi, na ma'aunin gudu da na zurfi. Ku bi su ɗaya bayan ɗaya da tocila, ku zana taswirarsu a takarda, ku manna inda kowa zai gani. Mafi yawansu suna da famfon rufewa. Mai kyau shi ne mai hannu wanda kwatan juyi ke rufe shi, domin da kallo ɗaya za a san a buɗe yake ko a rufe. Wanda yake da kan murɗawa zagayayye irin na famfon gida, a cire shi: sandarsa ta ciki tana karyewa kan yana ta juyawa, ƙwayar datti ɗaya kuma tana hana shi rufuwa ruf.

Bayan an fitar da jirgin kan tudu, a kankare jikin kowane famfo da wuƙa. Idan launin zinariya ya fito, lafiya. Idan ja-ja ne mai kama da hoda, gishirin teku ya tsotse tutiyar da ke cikin ƙarfen, abin da ya rage yana iya ɓarewa kamar busasshiyar laka. A maye shi da na tagulla na gaske, ko mai tambarin DZR, wato wanda gishiri ba ya tsotse tutiyarsa, ko na roba mai ƙarfi da aka yi don jirgi. Famfon da ya cije kuwa, kada a sa masa ƙarfi jirgi yana kan ruwa.

Kowane tiyo a matse shi da hannu. Wanda ya bushe ya yi tauri, ko ya tsattsage a bakinsa, ya gama aiki. A ɗaure kowane baki da kilif biyu na ƙarfe marar tsatsa, a kuma duba sukurun kilif ɗin da kyau, don sau da yawa zoben ne mai kyau, sukurun na banza. Kusa da kowane famfo a ɗaure turken katako mai tsini daidai girman ramin, wanda za a buga a toshe idan abu ya ɓalle.

Ga dalilin wannan naci. Rami mai faɗin milimita 38, rabin mita ƙasa da layin ruwa, yana zubo fiye da lita 100 a minti ɗaya. Lambar da aka rubuta a jikin famfon kwashe ruwa na lantarki kuwa an auna ta ne ba tiyo, ba hawa. A cikin jirgi da wuya ya wuce rabinta da yawa. Famfon kwashe ruwa na sayen lokaci ne kawai kafin a gano ramin.

Tambaya: Wayoyin da ke riƙe da jigon jirgina suna sheƙi kamar sababbi, amma wanda ya sayar mini bai san shekarunsu ba. Dole ne in canza su?

Amsa: Malam, sheƙin nan kyan ɗan maciji ne. Ƙarfe marar tsatsa gajiya yake yi ba tare da fuskarsa ta nuna ba. Duk taguwar da ta bugi jirgi, wayar ta miƙe ta saki, ko a tasha yake a ɗaure. Abin da aka saba shi ne canza su tsakanin shekara 10 zuwa 15, kamfanonin inshora da yawa ma ba sa son su wuce 10. Wayar da ba a san shekarunta ba, ka ƙaddara ta wuce.

Kafin kuɗin canji ya samu, ga abin dubawa. Wayar silli 19 ce a murɗe, an matse kowane ƙarshenta cikin bututun ƙarfe. Na ƙasa ne suka fi lalacewa, domin ruwa yana gangarowa ya kwanta a bakinsu. Goge su, ka duba da gilashin ƙara girma: tsagar da ta bi tsawon bututun, ko da siririya ce kamar gashi, ko tsatsa mai tsiyayowa daga baki, ko lanƙwasa, duk hukuncinsu ɗaya. Bi jikin wayar da tsumma, ba da tafin hannu ba. In tsumman ya maƙale, silli ya tsinke, kuma silli ɗaya ya isa a yar da wayar tare da 'yar'uwarta ta ɗaya gefen. Ka tabbata kowane fil mai ƙafa biyu yana wurinsa kuma an buɗe ƙafafunsa. Wayar goshi da ke ɓoye cikin bututun naɗe filafili ita ake mantawa, sai an hau sama ake ganin kanta.

Inda aka fi cutuwa shi ne farantan ƙarfen da wayoyin ke kamawa, waɗanda suka ratsa dandamalin jirgi suka shiga ciki. Wannan ƙarfe yana bukatar iska kafin ya riƙe rigar da ke kare shi. A daidai kaurin dandamali, inda ruwan gishiri ya maƙale ba iska, nan yake cinyewa, sama da ƙasa kuwa suna ƙyalli. Shiga ciki ka duba: zanen ruwa mai launin ƙasa a bango, ko katako mai laushi kewaye da kusoshi, shaida ce. Hanya ɗaya ta sanin gaskiya ita ce a tallafe jigon da igiya, a zare faranti ɗaya a gani. In kuma ƙofar da ke ƙarƙashin jigon ta daina rufuwa daidai, kada ka fere ƙofar. Gindin jigon ne ke lotsawa.

Tambaya: Injina na dizal yana awa guda a tasha ko tari ba ya yi. Ranar da muka fita, muna shiga raƙuman ruwa a bakin mashigi sai muryarsa ta riƙa hawa tana sauka, ya mutu. Me ya same shi?

Amsa: Ɗan'uwa, wannan ce cutar fitar farko, kuma zargi na farko a kan tanki yake, ba inji ba. Jirgi ya daɗe a ɗaure. Ruwa ya shiga tanki ta murfin zuba mai wanda zoben robarsa ya tsufa, raɓa ma ta ƙara nata. Ruwa ya fi dizal nauyi, sai ya kwanta a ƙasa, a mahaɗarsu kuma ƙwayoyin cuta suke rayuwa suna tara baƙin yauƙi. A tasha duk wannan yana kwance lamo. Da taguwa ta girgiza tankin sai ya tashi ya toshe filta. Hawa da saukar murya da ka ji, yunwar mai ce.

Sa siririn tiyo har gindin tanki, ka zuƙo da famfon hannu cikin kwalba mai haske, ka bar ta ta kwanta. In ka ga ruwa a ƙasa ko baƙin gari-gari, sai an kwashe man, an buɗe murfin dubawa, an goge cikin tankin da hannu. Maganin da ake zubawa a mai yana kashe ƙwayoyin, amma gawarsu tana nan, ita ma toshe filta take yi.

Filta biyu ne. Na farko, mai kofin gilashi a ƙasa inda ruwa ke taruwa, yawanci girman ƙofofinsa maikuron 10 zuwa 30 ne. Na biyu a jikin inji yake, ya fi shi ƙananan ƙofofi. Ka riƙe aƙalla uku na farkon a jirgi, ka kuma koyi canza su a tasha da rana, tun kafin ranar da za ka yi shi kanka a ƙasa jirgi yana tangaɗi.

Bayan canji dole a fitar da iska. Buɗe famfon tanki. Sassauta sukurun fitar da iska da ke kan filtan inji, juyi biyu. Yi ta danna ɗan hannun famfon mai da ke gefen inji har kumfa ta ƙare, mai zalla ya fito, sannan ka ɗaure. In ka ji hannun ba ya kama komai, juya injin da hannu rabin zagaye ka sake gwadawa. Idan har yanzu ya ƙi tashi, a tsofaffin injuna ana sassauta notin bututun nozul kaɗan, a ba shi kik har mai ya tsarto, a ɗaure. Ka nisanta yatsunka daga tsartuwar, tana huda fata. Injunan zamani masu kwamfuta ba a yi musu wannan.

Akwai tarko a nan. Duk lokacin da kake ba shi kik, famfon ruwan sanyi yana zuba ruwa cikin tukunyar salansa, ba hayaƙin da zai tura shi waje. In ta cika, ruwan teku ya koma cikin silinda. Idan kik ya kai daƙiƙa 30 a jimla bai tashi ba, rufe famfon mashigar ruwa, ka buɗe shi da zarar ya kama.

Kuma daga yau, duk lokacin da za ka ratsa bakin mashigi da inji, babban filafili ya kasance a kwance daga ɗaurinsa, anka kuma a shirye take ta faɗa ruwa.

Tambaya: Na tayar da inji sai na ji ƙarar salansa ta bushe, na leƙa baya ba ruwan da ke fita. Laifi ne?

Amsa: Kashe shi nan take. Jirgi ba shi da lagireto mai shan iska irin na mota, ruwan teku ne ke ɗauke zafin ya fita ta salansa. Bi hanyar ruwan daga farko: famfon mashiga a buɗe yake? Rariyar tace ciyawa ta toshe da leda ko gansakuka? Murfinta ya zauna daidai, ko yana shan iska? In duk lafiya, buɗe murfin famfon ruwa ka zaro imfela, wato 'yar robar nan mai fukafukai. Gudu a bushe na ɗan lokaci kaɗan yana ƙona ta. Ƙirga fukafukan. Duk wanda babu, yana gaba a hanyar ruwa, galibi a bakin tulun sanyaya inji, kuma sai ka nemo shi, in ba haka ba sabuwar imfela ba za ta hana zafi ba. Shafa wa sabuwar ruwan sabulun wanke-wanke kafin ka sa ta, ka sa sabon gasket. A canza ta duk shekara. Tunda kana wurin, danna fambel da babban yatsa: kada ya lotsa fiye da kamar santimita ɗaya.

Tambaya: Ruwa yana ɗiga daga inda shaf ɗin farfela ya fita daga jirgi. In ɗaure notin har ya daina?

Amsa: A'a, in dai irin tsohon nan ne mai igiyar cusawa a ciki. Ɗigon ne ke sanyaya shi. Ɗigo biyu ko uku a minti lokacin da shaf ke juyawa daidai ne, a tsaye kuma ya kusa ɗaukewa. Ɗaure kaɗan-kaɗan, ka yi tafiyar minti goma, ka tsayar da shaf ɗin ka taɓa: ɗumi ba laifi, zafin da hannu ba zai jure ba yana nufin ka wuce, kuma zai ci jikin shaf. In noti ya kai ƙarshe ɗigo bai ragu ba, igiyar ce ta ƙare. Abin tsoro na gaske shi ne guntun tiyo mai kauri da ke riƙe da kayan. Shi ne in ya yage ruwa ke shigowa ba birki.

Tambaya: Da aka fitar da jirgina na ga ƙuraje a gindinsa, wani wuri a dandamali kuma yana lotsawa in na taka. Na yi asara ke nan?

Amsa: Hajiya, wanda ya fi ba ki tsoro shi ne mai sauƙin. Ƙurajen ruwa ne da ya ratsa fatar faiba a hankali ya haɗu da ragowar sinadari, ya kumbura. In an fasa, ruwan ciki mai tsami ne, a sa tabarau. Idan ƙanana ne jefi-jefi, a fafe kowanne, a yi ta wanke shi da ruwan daɗi, a bar shi ya bushe makonni, a cike da efoksi, wato gam mai ƙarfi da ke hana ruwa. Ba a gaggawa, cike rami mai danshi aikin banza ne.

Dandamalin ne abin kula. Yawanci faiba biyu ne da katakon balsa mai sauƙi a tsakiya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: duk kusar da aka huda ba a toshe da kyau ba, ƙofar ruwa ce, katakon kuma ya ruɓe. Bi dandamalin da ƙaramar gudumar roba kina ƙwanƙwasawa. Wuri mai lafiya yana amsawa da kaifi, ruɓaɓɓe kuma dum-dum. Zagaye shi da fensir. In yana tsakiyar fili, zai iya jira. In yana ƙarƙashin gindin jigo, ko turakun shingen gefe, ko inda ake ɗaure igiya, na yanzu ne. Duk abin da za a sake ɗaurawa, a huda ramin ya fi kusar faɗi, a cike da efoksi, a sake huda daidai kusar a tsakiya, don ruwa ko ya shiga kada ya tarar da katako.

Tunda jirgin yana kan tudu, duba kil, wato nauyin dalma ko baƙin ƙarfe da ke rataye a gindi yana hana jirgi kifewa. In na ɗaurawa ne da kusoshi, dubi mahaɗarsa da jikin jirgi: tsaga mai buɗewa idan an ɗaga jirgi, ko tsatsa mai tsiyaya, sai an kira masani. Daga ciki a duba notuna da haƙarƙarin da ke kewaye da su. A tambayi tsohon mai shi ko jirgin ya taɓa dukan ƙasa. A watan Mayun 2014 jirgin Cheeki Rafiki ya rasa kil ɗinsa a tekun Atilantika yana komawa Ingila, mutum huɗu suka rasu, kuma binciken hukuma ya yi nuni ga dukan ƙasa da jirgin ya taɓa yi a baya. Allon tuƙi ma a kama shi a girgiza, a ga ko yana wasa ko ruwa na tsiyaya daga cikinsa.

Tambaya: Tashar da za mu ajiye jirgin tana da nisan mil 120 na teku daga inda muka saya. Mu biyu ne, mun yi kwas na mako ɗaya. Muna so mu yi ta a zama ɗaya, har da kwana a teku. Shawara?

Amsa: Kada ku yi. Ba a fafe gora ranar tafiya, jirgin da ba ku gwada ba kuma gora ne da ba a fafe ba. Ku fara da lissafi. Not ɗaya shi ne mil ɗaya na teku a awa, wato kilomita 1.852. Jirgin da tsawonsa a layin ruwa ƙafa 25 ne, iyakar gudunsa wajen not 6.7, amma a lissafin tafiya a sa 4 ko 4.5. Mil 120 ke nan awa 27 zuwa 30, mutum biyu, ba barcin kirki, wataƙila ɗaya yana amai. A tseren jirage masu filafilai na Fastnet, tsakanin Ingila da Ireland, a 1979 jirage 303 suka tashi, guguwa ta kashe 'yan tsere 15, aka gudu aka bar jirage 24, amma 19 daga cikinsu an same su daga baya ba su nutse ba. Mutanen ciki ne ke fara karyewa, ba faiba ba.

Ku yi fita biyu ko uku ta awa uku-uku kusa da tasha, cikin iskar not 7 zuwa 10. Ku ɗaga kowane filafili, ku gudu da inji awa guda cikin taguwa, ku jefa anka, ku dawo ku rubuta abin da ya lalace. Sannan ku yanka mil 120 ɗin zango-zango, mil 20 zuwa 30 a yini, tashi da asuba, isa da sauran rana awa uku a hannu. Kowane zango ya kasance da tashar fakewa a tsakiya. Zangon farko ku ɗauki wanda ya san teku.

Iyakarku a hasashen yanayi not 16. Bugun iska na iya fin abin da aka faɗa da kashi 40 cikin ɗari, kuma in gudun iska ya ninka, ƙarfinta a kan filafili sau huɗu yake zama. Ku kula da lokacin da iska ke karo da gudun ruwan cika ko janyewa, musamman a kan tsinin gaɓa da bakin kogi: nan ruwa ke miƙewa tsaye. Mai kuwa, injin doki 20 yana shan wajen lita 2 a awa. Ku isa da sulusin tanki bai taɓu ba.

Rage filafili shi ne abin da za ku maimaita har hannu ya haddace. Yawancin jirage irin naku suna son ragin farko tsakanin not 15 da 18, ko idan kwanciyar jirgi ta wuce digiri 20 kuma tuƙi ya yi nauyi. A karkata goshi kusa da iska. A saki igiyar jan babban filafili har ya fara kaɗawa. A ja igiyar da ke tallafe sandar ƙasa, wato sandar da ke kwance a ƙasan babban filafili. A sauke igiyar ɗagawa zuwa alamar da kuka riga kuka yi mata da fenti, a maƙala zoben gaba a ƙugiyarsa, a sake ɗaga igiyar ta yi tauri, sannan a ja igiyar ragi ta baya har zoben baya ya sauko kan sanda. Wanda ya ja ta baya kafin ta gaba ta yi tauri, shi ke yage filafili. In kuna shakka tun a tasha, ku fita da ragin a ɗaure. Kwance shi ya fi ɗaure shi sauƙi.

Sandar ƙasan nan ita ce mugun abu a jirgi. Idan iska na bayanku ta zagayo ɗaya gefen, sandar tana sharo wurin tuƙi da ƙarfin fasa kai. A ɗaure ta da igiya daga ƙarshenta zuwa goshi a dawo da igiyar wurin tuƙi.

Rigar ceto mai ƙarfin ɗaga mutum a ruwa 150N, da maɗaurin tsakanin ƙafafu, a jiki ba a akwati ba. A kwance 'yar tukunyar iskarta a duba ba a huda ta ba, a mayar a ɗaure tam. Ku jefa bokiti ɗaure da balan-balan ɗin kare gefe a ruwa, kowannenku ya juyo da jirgi shi kaɗai ya ɗauko, wanda ya fi ƙarancin gwaninta ya fi yawan maimaitawa. Duk awa a rubuta matsayi a takarda, a ɗaga katakon ƙasa a leƙa ko ruwa ya ƙaru. Wani a tudu ya san inda kuka nufa da lokacin da zai fara neman ku.

Tambaya: Mun jefa anka a zurfin mita 4, muka saki sarƙa mita 12. Cikin dare muka farka jirgi yana tafiya. Ankar ce ba ta da kyau?

Amsa: Lissafin ne ba shi da kyau. Anka tana riƙewa ne idan jan ya zo mata a kwance, ba daga sama ba. Zurfin da ake lissafi da shi ba wanda na'ura ta nuna lokacin isowa ba ne: a ƙara abin da teku zai cika, a ƙara tsayin goshin jirgi daga ruwa. Mita 4, da cikar mita 2, da goshi mita 1, bakwai ke nan. Sau biyar, mita 35 na sarƙa. Ku mita 12 kuka saki, ko ninki biyu bai kai ba. In igiya ce, sau bakwai.

Kuma ba jefa ta ake yi ba. A tsayar da jirgi goshi ga iska, a sauke ta har ta taɓa ƙasa, a riƙa sakin sarƙa jirgi yana ja da baya, don kada ta taru a kanta. Sannan a sa giyar baya a hankali, a ƙara wuta zuwa rabi na minti ɗaya. Ɗora hannu a kan sarƙa gaban abin naɗe ta, nesa da inda zai matse yatsa: mai karkarwa tana jan ƙasa, mai tauri shiru ta kama. Daidaita abubuwa biyu a gaɓa, ɗaya bayan ɗaya, ka ga ko suna rabuwa. A ɗaure fil ɗin maƙalar anka da waya don kada ya warware, ƙarshen sarƙa kuma a ɗaure shi a jirgi da igiyar da wuƙa za ta iya yankewa.

Tambaya: Akwai murhun gas da batir biyu, wayoyin wuta kuma kamar saƙar gizo. Me zan fara dubawa?

Amsa: Gas tukuna. Ya fi iska nauyi, jirgi kuma kwano ne: abin da ya tsiyaya gindi yake gangarawa ya jira tartsatsi. Tukunyar ta zauna a akwatinta mai magudana zuwa waje, sama da layin ruwa. Tiyon gas yana da shekara a rubuce a jikinsa, in ya wuce biyar a canza. A gwada mahaɗai da ruwan sabulu, a rufe kan tukunya duk bayan girki.

Batir a auna shi bayan ya huta awoyi: bolt 12.6 zuwa 12.7 cikakke ne, 12.2 rabi, kuma kada a saba wuce nan. Inji yana aiki a ga 13.8 zuwa 14.4. Ɗaya na tayar da inji ne kawai, kada fitila ko firji su taɓa shi. Duk wayar da ta tashi daga batir zuwa kayan wuta ta sami fiyus kusa da kan batir, cikin santimita 18, domin fiyus waya yake karewa daga kamawa da wuta. Wayar da ka fere ka ga ta yi baƙi ko kore, yanke ta har inda jan ƙarfe ke haske.

Tambaya: An ce mai filafili shi ke da hanya a kan mai inji. Har manyan jiragen kaya?

Amsa: Wanda ya faɗa maka rabi ya faɗa. Dokokin kauce wa karo a teku na 1972 sun ce da zarar ka sa inji a giya kai ma mai inji ne, ko filafilanka na sama. Doka ta 9 kuma ta hana mai filafili, da duk jirgin da bai kai mita 20 ba, tare wa babban jirgi hanya a ƙunƙuntar mashiga inda ba zai iya kaucewa ba. Jirgin da ke gudun not 20 yana cin mil guda a minti uku. Auna shi da kamfas, ka sake aunawa bayan minti biyu: in kusurwar ba ta canza ba kuma yana ƙara girma, hanyarku ɗaya. Kauce da wuri, juyi babba wanda zai gani daga sama, ka bi ta bayansa. Rediyon VHF na magana da jirage ya zauna a tasha ta 16, ta kira da neman ceto. Lambar MMSI mai alƙaluma tara da ke cikinsa, wato lambar shaidar jirgin, da rajistar na'urar kiran ceto ta 406 MHz in akwai, har yanzu sunan tsohon mai jirgin suke ɗauke da shi, sai ka je hukumar da ta yi rajistar an mayar da su sunanka da lambar wayar wanda za a kira.